Hoda, Wuta da Tsohon Ƙarfe: Tafiyata Harrisburg

Jirgin ƙasan da ke zuwa Harrisburg daga New York yana da wata ɗabi'a mai rikita baƙo. Idan ya iso Filadelfiya ya sauke fasinja ya kwashi wasu, da baya yake tashi, don haka duk wanda ya zauna yana fuskantar gaba tun daga New York, da ƙeya zai ƙarasa tafiyar. Haka na ratsa gonakin Lancaster ina kallon abin da muka riga muka wuce. Ƙarshen Afrilu ne, lokacin huɗa a can, kuma nesa da layin dogo ana hango mutanen Amish da faffaɗan hulunansu suna bin garma a bayan dawakai da alfadarai. Su ne mutanen nan da suka ce kada a ja musu wayar lantarki zuwa gida, saboda addini da al'adarsu. Na daɗe ina kallonsu. Su da gangan suka ƙi wuta, mu kuwa da muke nemanta ruwa a jallo, ita ce ta ƙi mu.

Ɗan yayata na je gani. Ni Bakatsine ne, ita kuma aure ya kai ta Maraɗi, can ta haife shi. Harrisburg ce hedikwatar jihar Pennsylvania. Garin ba shi da wani girma, amma akwai 'yan Nijar da dama a cikinsa, Zabarmawa da Hausawa, da yawansu suna aiki a manyan ɗakunan ajiyar kaya da suka jeru a gefen babbar hanya mai lamba 81, wasu kuma suna tuƙa manyan motoci. Shi ma a ɗaya daga cikin ɗakunan nan yake, yana riƙe da lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Da ya ɗauko ni daga tasha muka haye kogin Susquehanna, mai faɗin gaske amma ba zurfi, sai idona ya fara tsayawa a kan motocin da ke gefenmu. Mota ce za ka gani samanta fes, amma bakin tayoyinta da ƙasan ƙofofinta sun yi ja sun zagwanye, wata har da huji. Na tambaye shi ko haɗari ne ya yi yawa a garin.

"Gishiri ne, Kawu," in ji shi.

Da hunturu, idan dusar ƙanƙara ta sauka, hukuma takan bi tituna tana watsa gishiri, wani lokaci ma ruwan gishiri take fesawa tun kafin ƙanƙarar ta zo, don kada hanya ta daskare ta yi santsi. Gishirin nan shi taya ke kwasowa ta watsa a ƙarƙashin mota, ya shige kowane lungu, ya zauna da danshi yana cin ƙarfe har bazara. Ga shi kuma dokar jihar ta ce kowace shekara sai an kai mota an duba lafiyarta, in tsatsa ta ci ƙashin bayan motar ba za a ba ta takarda ba. Mu a gida rana da ƙura da ramuka ke kashe mana mota. Su nasu ciwon daga ƙasa yake tasowa, inda ido ba ya gani. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka abin da zan ba da labari son ƙawa ne kawai.

A garejin gidan da yake haya akwai mota a lulluɓe. Ya yaye tamfol ɗin yana kallon fuskata. Marsandi ce ta farkon shekarun 1980, mai shan gas, irin wadda mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana hawa tsakanin Maraɗi da Jibiya. Ba tayoyi a jikinta, tana ɗore a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. A bango ga sifanoni a rataye bisa tsari, ga kwampureso a lungu, ga wani akwatin ƙarfe mai tagar gilashi da safar hannu biyu manne a jikinsa, ga kuma oben ɗin girki, fari, irin na matan gida, an rubuta masa gargaɗi da jan alƙalami a ƙofa.

Na ce, "Kai kuma yaushe ka zama bakanike? A zuriyarku ta uba malamai ne da fatake, a tamu ta uwa babu maƙeri ko ɗaya. Uwarka ta san da wannan?"

Ya yi dariya. "Kawu, a nan in ka kai mota gareji, awa ɗaya ta bakanike ta haura dala 100. Ko ka koya ko ka talauce."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ce tushen duk wannan al'ada ta yi-da-kanka da Amurkawa ke taƙama da ita. Ba wai sun fi kowa basira ba. Kaya ne ke da araha a wurinsu, hannun mutum kuma tsada. Mu namu a juye yake: kayan ne tsada, mai gyara kuwa yana bakin titi yana jiran ka kira shi. Yaron da a Maraɗi ko fitilar mota ba zai canza da hannunsa ba, ga shi nan da baƙin mai a farce.

Babban abin da ya rage masa a motar shi ne wili. Waɗanda ta zo da su gishiri ya gama da su, ɗaya ma ya tsage. Don haka ranar Asabar da sassafe muka kama hanyar Carlisle, tafiyar kamar rabin awa yamma da Harrisburg.

Ƙaramin gari ne Carlisle, amma sunansa ya yi nisa. Daga nan aka fara babbar hanyar kuɗin-fito ta Pennsylvania da aka buɗe a 1940, a nan kuma kwalejin yaƙi ta sojan ƙasan Amurka take. Masu tsofaffin motoci kuwa kasuwarsa suka sani. A 1974 wasu abokai biyu, Bill Miller da Chip Miller, waɗanda suna kawai ya haɗa su ba jini ba, suka buɗe ta a filin baje kolin garin, saboda babban taron da ake yi a Hershey, nan kusa, ba ya maraba da motocin da ba su tsufa sosai ba. Yanzu ana cin babbar kasuwar sau biyu a shekara, a Afrilu da kuma wajen farkon Oktoba, ban da tarukan da ake ware wa Ford ko Corvette ko Chrysler a tsakani.

Tun kafin mu kai ƙofa mazauna unguwar sun mai da farfajiyar gidajensu wurin ajiye mota, kowa da kwalinsa ya rubuta farashi. A ciki kuwa rumfuna ne dubbai, layi bayan layi har kan tudu. Wani ya shimfiɗa tamfol ya zube kafireto kala-kala, wani fitilu kawai yake sayarwa, wani tambarin gaban mota, wani littattafan gyara da mai ya jiƙa. Tsofaffi masu furfura suna jan 'yan kekunan yara cike da ƙarafa. Wasu sun rataya kwali a wuya sun rubuta abin da suke nema, suna yawo da shi, ko Allah zai haɗa su da mai shi. Abin da ya ba ni mamaki, ana ciniki. Ni da na ɗauka Bature bai san tayi ba, sai ga shi ana albarka ana ƙarawa, mai saye ya yi kamar zai tafi, mai kaya ya kira shi. Sai dai ba rantsuwa, ba kuma ɗan kamasho da zai biyo ka.

Kasuwar ta Afrilu ta motocin Amurka ce galibi, saboda haka neman wilin Marsandi a cikinta ya ci mana ƙafa. Sai bayan azahar, mun yi salla a gefen wata tirela, muka same su wurin wani mutum da ya zo daga Ohio: guda huɗu, inci 14, na alminiyam, sun yi toka-toka, fentinsu ya tashi, farar tsatsar alminiyam ta yi musu dabbare-dabbare. Ni dai da a hanya na gan su ba zan sunkuya ba. Yaron ya ɗaga kowanne ya ƙwanƙwasa da sifana yana saurare, ya bi bakinsa da yatsa, ya mirgina shi a kan kwalta ya ga ko zai yi rawa. Tsagaggen wili ba ya amo, haka ya ce. Aka daidaita, muka ɗauki biyu-biyu, kafaɗata ta gaya mini.

A hanyar komawa ya yi mini lissafi. Idan ya kai su shagon masu fentin hoda, kowane ɗaya zai ci wajen dala 100 ko fiye. Bindigar feshi ta gida ba ta kai dala 200 ba, hodar kuma da fam ake sayar da ita, fam biyu ya isa wili huɗu. Oben ɗin kyauta ya samu, wata mata ce ta sabunta kicin ta fitar da shi bakin titi. Na ce to kwampureso fa, da akwatin feshin, da mai lantarkin da ya ja masa layin wuta mai bolt 240 zuwa gareji? Ya ce waɗannan ai jari ne. Na yi shiru. Duk mai son abu haka yake lissafi, ya tsallake manyan ya ƙirga ƙanana.

Wanda ya koya masa aikin maƙwabcinsa ne, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga aikin ƙarfe. Washegari da hantsi sai ga shi da kofin kofi a hannu, ya ja kujera ya zauna a bakin gareji, wurin zamansa ke nan da alama. Ba ya taɓa komai. Kallo yake yi, sai in ya ga za a yi ɓarna ya yi gyaran murya.

Fentin hoda fenti ne da babu ruwa a cikinsa. Garin roba ne mai laushi ƙwarai, an haɗa shi da launi da sinadarin da ke sa shi ya ƙanƙame idan ya ji wuta. Ba a dama shi da tina, ba a jiran ya sha iska. A busasshensa ake fesa shi a jikin ƙarfe, a sa a oben, ya narke ya malale ya game, ya zama fata guda mai tauri wadda ta fi fentin gwangwani kauri da jure duka. Wani Bajamushe, Erwin Gemmer, shi ya fito da hanyar farko a shekarun 1950, inda ake zafafa ƙarfe a tsoma shi cikin hodar da iska ke motsawa. Feshi da lantarki ya biyo baya a Turai a shekarun 1960, ya kuma samu karɓuwa da hukumomi suka fara matsa wa masana'antu lamba a kan tururin tina da ke gurɓata iska. Shekaru da dama aikin manyan masana'antu ne kawai, masu firji da injin wanki da kujerun ƙarfe. Sai a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Eastwood da ke Pottstown, a nan cikin jihar, ya fitar da 'yar bindigar da mutum zai iya saya ya yi a gida. Dattijon ya ce yana cikin waɗanda suka saya tun da wuri.

Na zaci za a fara feshi nan take. Ina! Yinin nan duka a kankara ya ƙare. Hoda ba ta yafe datti, ba ta kuma ɓoye aibi. Ba a sa mata fila a ƙasa yadda fanel bita ke cike lotsawa, domin fila ta yau da kullum ba ta ɗaukar lantarki, ba ta kuma jure zafin oben. Dole a kai ga tsuran ƙarfe. Yaron ya cire bawul ɗin iska da 'yan dalmar da ake liƙawa don daidaita taya, ya wanke wilin da sabulun cire maiƙo, sannan ya sa shi cikin akwatin nan mai taga, ya zura hannuwansa a safar, ya taka feda. Iska ta riƙa harba wani baƙin tsaki a jikin wilin, tsohon fenti yana tashi tsinke-tsinke. Kwampureson ƙarami ne, bayan 'yan mintoci sai ya gaji a jira shi ya cika. Wili ɗaya ya ci fiye da awa guda.

Na tambaya me ya sa yake sayen wannan tsaki da kuɗi alhali ga yashi a bakin kogi. Dattijon ya ajiye kofinsa. Ya ce yashi idan ya bugi ƙarfe yakan farfashe ya zama ƙura mai kaifi wadda ido ba ya gani, in ta shiga huhu ba ta fita, kuma ciwon da take sawa ba shi da magani. Ya ba ni labarin ramin Hawks Nest a jihar West Virginia, inda a farkon shekarun 1930 aka sa leburori, yawancinsu baƙaƙen fata, suka huda dutse ba abin rufe hanci, ɗaruruwa suka mutu da wannan ciwo. Na kawo wannan ne da gangan, domin na san mutanenmu. Duk wanda ya ga aikin nan a waya, abu na farko da zai ce shi ne yashi ai kyauta ne.

Bayan feshin wilin ya fito fari sol, da ɗan kaushi a jiki, kaushin da hodar za ta kama. Daga nan ba a ƙara taɓa shi da hannu tsirara, don maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya bar tabo. Yaron ya sa safar roba, ya hure shi da iska, ya goge da asiton a tsumma mai tsabta. Sannan ya ɗauko wani koren salatif da wuta ba ta narkar da shi, ya rufe bayan wilin, daidai inda yake haɗuwa da ƙafar mota, ya yanke gefen da reza a hankali. Ramukan kusoshi biyar ya toshe su da 'yan toshe na roba mai jure zafi. Nan ne dattijon ya matso da kujerarsa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce idan hoda ta shiga mazaunin kusa, za ka ɗaure ta yi tam, amma da birki ya yi zafi hodar ta yi laushi sai kusar ta saki, kuma taya ba ta sallama kafin ta fita.

Feshin kansa bai kai minti biyar ba, amma shi ne abin kallo. An rataye wilin da ƙugiya a jikin ragar oben. An maƙala masa waya, wayar ta bi ta ƙasan ƙofa zuwa wani sandan jan ƙarfe mai tsawon fiye da mita biyu da aka kafa a ƙasa a gefen gareji. A bakin bindigar akwai 'yar allura mai ɗauke da lantarki dubban bolt, amma mai rauni, duk ƙwayar hodar da ta wuce ta gefenta sai ta ɗauki caji. Ƙarfen da aka haɗa da ƙasa kuma sai ya jawo ta. Wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa a firamare ya ɗauki 'yan yagaggun takardu da shi ya riga ya san sirrin. Iskar da ake ba bindigar kaɗan ce ƙwarai, hodar ba harbawa take ba, fitowa take a hankali tana shawagi, sai ka ga ta karkata da kanta ta nufi wilin, har tana zagayawa ta manne a bayansa inda bindigar ba ta kalla ba. Ya sa takunkumi mai matata biyu, ni ma ya ba ni ɗaya. Ba wari ko kaɗan, wannan ne ma haɗarin, don hanci ba ya gargaɗi.

Wilin Marsandin nan yana da ramuka da lunguna kewaye da shi, kuma cikin lungunan hodar ta ƙi shiga, sai ta taru a baki ta bar ciki tsirara. Dattijon ya ce wannan halin lantarki ne da Michael Faraday ya nuna tun 1836: caji a gefuna da tsinin abu yake taruwa, ba ya son cikin rami. Maganinsa a rage ƙarfin bindigar, a fara da lungunan tun wilin bai ɗauki caji ba, sannan a bi fili. Yaron ya ɗauko tocila yana haskawa, duk inda ƙarfe ke ƙyalli ta ƙarƙashin hodar ya ƙara. A wili na biyu hannun rigarsa ya goga gefe ya share hodar. Ko a jikinsa. Ya ɗauki tiyon iska ya hure duka ya sake. Muddin ba a gasa ba, ba a yi asarar komai ba sai hoda, kuma wannan wata falala ce da mai fentin ruwa ba shi da ita.

Ɗaukar ragar zuwa oben ita ce tafiya mafi tsawo a garejin, taku uku kacal, amma ba numfashi, don ɗan girgiza kaɗan zai zubar da hodar. Oben na lantarki ne, kuma dole ya zama haka, domin hodar da ke yawo a iska tana kamawa idan ta ga harshen wuta. Rubutun da ke ƙofarsa kuma cewa yake kada a ƙara gasa abinci a ciki har abada. An sa shi a digiri 400 a ma'auninsu, wajen 200 a namu. Muka tsuguna muna leƙe ta gilashi. Da farko shiru. Can sai hodar ta fara duhu daga gefuna inda ƙarfen ya fi siranta, ta yi kamar ta jiƙe, sheƙi ya riƙa ci yana tafiya zuwa tsakiya har ya game wilin. Na ce to an gama. Ya ce yanzu aka fara. Narkewa daban, nuna daban. Takardar hodar ta ce minti 10, amma ba daga rufe ƙofa ake ƙirgawa ba, daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai zafin ne, kuma wili mai kauri yana iya cin minti 20 ko fiye kafin ya kai. Yana da ma'aunin zafi mai jan haske, ya buɗe ƙofa kaɗan ya auna wurin da ya fi kauri, sannan ya danna agogo. Wanda aka cire da wuri zai yi kyau a ido, amma tsakuwa ɗaya za ta ɓantare shi.

A nan suka yi 'yar muhawara. Dattijon ya ce alminiyam ɗin wili an riga an ba shi ƙarfi da wuta tun a masana'anta, kuma in aka daɗe ana gasa shi da zafi mai yawa ƙarfin yana iya raguwa, don haka shi ba ya wuce abin da takarda ta ce ko da minti ɗaya, ba ya kuma mai da wili oben sau da yawa. Yaron ya ce shagunan gari kullum haka suke gasawa ba a ji komai ba. Ni ra'ayin tsohon na bi. Abin da zai ɗauki iyalinka a guje a kan babbar hanya ba wurin gwaji ba ne. Yaron ya sa launin azurfa ya gasa rabin nuna, ya bar shi ya huce, ya bi da hoda marar launi a sama don kariya, ya gasa cikakke. Shafi na biyun ya fi wuyar kamawa, saboda na farkon ya riga ya shiga tsakanin hodar da ƙarfe.

Ɓarnar da aka yi a murfin kan inji aka yi ta. Shi zubin alminiyam ne, kuma ƙarfen zubi yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda suka yi shekara arba'in suna shan baƙin mai. Ƙa'ida ita ce a fara gasa shi tsirara, da zafin da ya ɗara na hodar, har sai ya daina hayaƙi, a sake wankewa, sannan a fesa. Yaron ya gasa, amma magariba ta gabato, dattijon ya tafi cin abinci, sai ya gajarta. Da murfin ya fito, baƙin fentin duk ya yi ƙuraje da 'yan huji, inda mai da iska suka tafaso daga cikin ƙarfen suka huda hodar tana narke. Masu aikin suna da sunan kowane aibi: wanda ya yi gargada don an cika hoda fatar lemo suke ce masa, wanda maiƙo ya sa ya yi 'yan ramuka kuma idon kifi. Wannan dai nasa ya fi su muni. Kuma a nan taurin da ake yabo ya zama abin kuka, domin gasasshiyar hoda ba ta jin sanfefa, tsakin akwatin ma da ƙyar yake cinta. Sai da ya sayo wani sinadari mai cin fata, ya yi yamma biyu bayan ya taso aiki yana kankara. Dattijon bai ce masa komai ba, illa ya tambaye shi ko ya ji daɗin abincin daren.

Ba kowane ƙarfe ne ke shiga oben ba. Duk abin da ke da roba ko boris ko giris a ciki sai an kwance shi tukuna. Bakin salansa da ke manne da inji zafinsa ya fi ƙarfin hodar yau da kullum. Hodar ma iri-iri ce: mai ifoksi ta fi riƙe tsatsa amma rana tana sa ta yi fari tana zuba, don haka a ƙarƙashin mota ko a shafin farko ake sa ta, abin da zai sha rana kuwa foliyesta ake ba shi.

Wata rana da daddare muna shan shayi ya kawo maganar da na san tana zuwa. Yana so ya saya wa ƙaninsa bindiga in kai masa Maraɗi, ko ya samu sana'a: wilin mota, ƙafar babur, ƙyamaren ƙarfe da masu walda ke yi. Na ce niyyar ta yi kyau, amma mu bi ta daki-daki. Bindigar an yi ta ne don wutar 120, tamu kuwa 220 ce zuwa 230, wannan ƙaramar matsala ce, taransifoma za ta raba gardama. Babbar ita ce oben. Yana jan wajen kilowat 3, kuma yana son wutar da ba za ta ƙifta ba har a gama, domin in aka ɗauke ta a tsakiyar gashi, aikin ya tashi daga ɗanye bai kai nunanne ba. Janareton da zai ɗauki oben da kwampureso tare ba na shagon caji ba ne. Ga ƙurar hunturu da za ta sauka a kan hodar kafin a kai ta wuta, ga hodar kanta da ke dunƙulewa in ta daɗe a ɗaki mai zafi. Masu manyan shaguna suna gasawa da gas, amma a oben da aka ƙera don haka, inda harshen wuta ba ya haɗuwa da hoda. Na ce in da gaske yake, ya fara tura ƙanin nasa wurin masu wannan aiki a Kano ko Legas ya ga yadda suke fama, bindiga ita ce abu na ƙarshe da za a saya.

"Kawu ke nan," in ji shi, "ko kasuwa aka ce ka buɗe sai ka fara lissafin gobara."

Ranar da za a ɗaura wilin, mai sa taya ya karɓe su yana juyawa, ya tambayi wane shago ne ya yi. Yaron bai amsa ba sai da ya tabbatar na ji tambayar. Ya roƙi mutumin ya sa robar kariya a bakin injinsa, ya kuma liƙa dalmar daidaitawa ta ciki maimakon ya maƙala ta a baki. A gida ya ɓare koren salatif ɗin, ya bi mazaunin kowace kusa da yatsa, ya ɗaura, ya ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, yana tsallake ɗaya yana ɗaure ɗaya. Muka sauke motar daga kan ƙafafunta muka fita gwaji ta bakin kogi har gadar Rockville, tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta dutse da aka gama a 1902, injin yana ƙwanƙwasa irin ta tsohon gas, muka juyo. Da muka dawo ya sake bin kusoshin ashirin da sifana, ya ce zai ƙara bi bayan kilomita 80.  Ƙarafan ƙarƙashin motar kuwa sun fi ƙarfin oben ɗin girki, shi ya sa dattijon ya fara auna wata tsohuwar durowar ƙarfe ta ofis da ya tsinto, wai za su cusa mata audugar gilashi su dasa mata wayoyin oben biyu kafin sanyi ya dawo.